Sunan da Gwaggo Zinariya Ta Ɗauko Daga Kankiya

"To yanzu Gwaggo, tsakaninki da Allah, ba ki taɓa faɗinsa ba ko sau ɗaya?"

"Da Hausa dai ban taɓa ba," in ji ta. Ta goge almakashinta da farin ƙyalle, ta ɗaga shi ta duba a rana. "Rubuta haka nan. Da Hausa."

Muna zaune ne a inuwar rumbu a gidansu da ke Kusada, da hantsi, tana gyara akwatinta na aiki. Gwaggo Zinariya ungozoma ce. Duk wanda aka haifa a Kusada ko Ƙofa cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya in ba ita ta yanke masa cibi ba. Ni ma ita ta yanke mini, kuma ba ta bari in manta. Ta ce tun ranar ta san zan yi yawan tambaya, don na fito ina kallon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Sunan da muke magana a kansa shi ne Maryamu. Ni na rubuta, ba ita ta faɗa ba. Sunan uwar mijinta ne, tsohuwar da kowa ke kira Inno, wadda a lokacin tana kwance a ɗakinta taku goma daga inda muke, wai barci take yi.

An haifi Zinariya a Fakuwa a shekarar da Turawa suka shigo Katsina. Wajen kakarta ta ga aikin ungozoma, tun tana riƙe mata ƙwaryar ruwan zafi har ta kai ga karɓar haihuwa da kanta. Da aka kawo ta Kusada gidan mijinta Kabo, manomi mai ɗinkin hula da rani, ta tarar da Inno, mace gajera mai kaifin ido, wadda ba ta faɗa amma ba abin da ke wuce ta.

Kowace mace ta gari tana kunyar sunan surukarta, wannan ba sabon abu ba ne. Sai dai Zinariya ta kai abin inda ba a saba kai shi ba. Ba ta cewa Maryamu, ba ta cewa Mairo, ba ta cewa Mairamu, ko da na wata ce can daban da ba ta haɗa komai da Inno ba. Akwai wata mai daddawa, Mairo ta Ƙofa, da ta taɓa mance faifanta a kasuwa. Zinariya ta ɗauka ta bi ta. Ta kira "baiwar Allah", mata tara suka waiwayo, ban da mai faifai. Ta tafa hannu, ta yi tari, ta yi gyaran murya, duk a banza. A ƙarshe sai da ta raka faifan nan har Ƙofa, aka ba ta ruwa ta sha, ta juyo.

Mutane sun yi dariya, amma abin ya yi mata rana. Ungozoma tana ganin abin da ko maƙwabci ba ya gani: gidan da rumbu ya ƙare, matar da ke kuka ba don naƙuda ba, jaririn da ya fito da kamar da ba a so a yi zancenta. Magidanta suka ce macen da ta riƙe suna ɗaya a bakinta shekara da shekaru ba za ta saki asirin gidan kowa ba. Iyaye mata in suna yi wa ɗiyansu faɗa sai su ce su dubi Zinariya. Da wannan ta ci gari, ba da iya yanka cibi kaɗai ba.

Shekara uku ko huɗu bayan sojan Bama sun dawo, dagaci ya aiko cewa ana neman ungozomai a Kankiya, wata Baturiya mai aikin asibiti za ta koya musu aiki. Gwaggo ta ce ita ta tafi ne don ta ga wadda za ta koya mata abin da ta yi shekara ashirin tana yi, alhali an ce Baturiyar ko aure ba ta yi ba.

Ta tarar da doguwar mace mai jan gashi, fuskarta duk ɗige-ɗige kamar ƙwan zabo, ana kiranta Sista Morin. Kwana ashirin suka yi da ita. Ta hana su yanka cibi da askar da ba a dafa ba, ta sa su wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta duba faratan kowa kamar mai sayen kaza. Ranar sallama ta ba kowace akwatin kwano da almakashi da zare da sabulu. Gwaggo ba ta son yabon kowa a kan aikinta, amma ta yarda cewa tun daga lokacin jariran da ke sanƙarewa kafin ranar suna sun ragu a hannunta.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda ran Sista ke ɓaci in an ce da ita Ingilishi. Malam Labaran, malamin asibitin da ke yi musu tafinta, ya bayyana musu cewa ita mutuniyar Ailan ce, wani tsibiri da ruwan sama ba ya ɗaukewa, abincinsu dankali, suna da yarensu daban, kuma su ma Ingilishi sun daɗe suna mulkinsu. Gwaggo ta ce a ranar ta gane ashe Turawa ma suna da ƙauye, kuma daga nan ta fara son matar.

Ta dawo gida da kwana biyu Hafsatu, matar ɗanta Sada, ta haifi ɗiya mace. Kabo ya ce a yi wa uwarsa takwara. Ranar suna liman ya raɗa Maryamu, maroƙi ya faɗa da ƙarfi a ƙofar gida, mata suka yi guɗa, amma cikin gidan ba mai iya kiran yarinyar. Sai an nemo laƙabi. Aka ce Inno Ƙarama. Inno ta ce a'a, in an kira Inno ga tuwo tana so ta san na wacce ne. Aka ce Ummi, aka tarar akwai Ummi biyu a gidan tun tuni. Aka ce Uwani, Hafsatu ta ce sunan yayarta ke nan.

Zinariya ce ta ce a kira ta Morin. Dalilinta mai kyau ne. Ta ce sunan nan ya ƙetaro teku, ya hau jirgin ƙasa, ya hau mota. A duk duniya ba sunan da ya kai shi nisa da Kusada, don haka ba yadda za a yi ya taɓa surukar kowa. Ga shi da daɗin kira, ga mai shi mace mai tsabta. Inno ta juya shi a bakinta sau biyu, ta ce ba laifi.

Da aka tambaye ta ma'anarsa, a nan ta yi abin da ita kanta take kira ɗan gyara. Ba ta tambayi Sista ba, kuma ungozomar da ta yi kwana ashirin da Baturiya ba za ta ce ba ta sani ba. Ta ce ma'anarsa mai hannun albarka.

Ba Inno kaɗai ce tsohuwa mai suna Maryamu a ƙasar nan ba. Kusan kowace unguwa akwai ɗaya, kowace kuma tana jiran takwara, kowane gida yana da matsalar da gidan Kabo ya samu. Sai ya zama duk inda aka raɗa Maryamu, mai jego ta ja Gwaggo gefe ta roƙe ta aron sunan nan na Kankiya. Gwaggo ta bayar hannu sake. A Ƙofa ta ce ma'anarsa mai farin jini. A Fakuwa, da yake da damina aka yi haihuwar, ta ce ruwan sama. Na tambaye ta ko wannan ba ƙarya ba ce. Ta ce ba ƙarya ba ce, kowace jaririya ta duba ta ne ta faɗi abin da ya dace da ita.

Cikin shekara biyar aka sami Morin goma sha ɗaya.

Wanda ya tayar da maganar shi ne Malam Uthman mai makarantar allo, taubashin Gwaggo ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. A shekara guda aka kawo masa Morin uku. In ya kira ɗaya, uku su taso da allunansu. Ya aika gidajensu a tambayo ma'anar sunan, aka kawo masa amsa uku. Sai ya ce shi ba zai ƙara kiran sunan da bai san asalinsa ba. Yana iya zama sunan gunki, yana iya zama sunan giya. Wani tsohon soja, Hamma, ya ƙara gishiri a majalisa, ya ce shi da idonsa ya ga Bature yana kiran karyarsa da sunan mace.

Mata suka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya. Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba, har ranar da ta sami labari an haihu a Ƙofa, gidan da ita ta karɓi haihuwa shida, an kira wata can ba a kira ta ba. A shekara ashirin da biyar wannan bai taɓa faruwa ba. Ranar kasuwar Kankiya ta ɗaura wa jakin Kabo akumari, ta bi 'yan kasuwa.

Sista ta gane ta nan take, ta kama hannunta ta duba farata, ta yi dariya. Da Malam Labaran ya faɗa mata akwai yara goma sha ɗaya masu sunanta, sai da ta zauna a kan benci ta share ido. Sa'an nan ta ba da amsar tambayar da murna, Malam Labaran yana juyawa.

Ta ce sunan ba na Ingilishi ba ne, na yarensu ne, kuma tsohon suna ne ƙwarai. A ƙasarsu ya yi yawa har a ajinsu na makaranta su huɗu ne. Asalinsa sunan uwar Annabi Isa ne. Ainihin yadda suke kiran ita uwar Annabin ba sa sa wa kowa, saboda girmamawa, sai su ɗan lanƙwasa shi su sa wa 'ya'yansu. Nata kuwa na lele ne, irin na yarinya ƙarama.

"Wato dai, Iya," in ji Malam Labaran, "ƙaramar Maryamu ke nan. Kamar a ce Mairo."

Gwaggo ta ce ta ji benci ya yi mata nisa. Ta tambaya a hankali ko wa aka yi wa Sista takwara. Sista ta ce kakarta, uwar ubanta, gida ɗaya suka zauna. Gwaggo ta ce to uwarta fa, da wane suna take kiranta. Sista ta ce da wannan ɗin mana, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙwala, wani lokaci su biyu su waiwayo, ita da tsohuwar.

"Inna lillahi," in ji Gwaggo.

Sista ta tambayi Malam Labaran ko wani ne ya mutu. Ya ce a'a, al'ada ce, bayaninta da tsawo. Da suka fito ya rage murya, ya ce wa Gwaggo ba wanda ya ji zancen nan sai su biyu, Sista kuwa Hausarta ba ta wuce "wanke hannu" ba. In ta koma gida ta tsaya a kan cewa ma'anarsa ruwan sama, shi ba zai ƙaryata ta ba.

Hanyar Kusada ba ta taɓa yi mata gajarta irin ta ranar ba. Tana bisa jaki tana tuno abin da bakinta ya yi shekara biyar yana yi a ƙofar ɗakin Inno. Morin, zo ki fyace majina. Morin, wa ya sha mini fura. Morin marar jin magana, Morin mai ƙafar yawo, Morin in na kama ki sai kin gaya wa 'yan garinku. Safe da yamma, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Ita da ta raka faifai Ƙofa. Kuma ba ta tsaya a kanta ba, ta raba wa gida goma, kowace mai jego ta yi mata godiya.

Na tambaye ta me ya hana ta karɓar shawarar Malam Labaran. Ta ajiye zaren da take naɗewa.

"Da ban sani ba, kuskure ne. In na sake kira bayan na sani, rashin kunya ne. In na daina kira, Inno za ta tambaye ni dalili, kuma tsohuwar can ba a yi mata ƙarya, ido kawai za ta zuba maka. Ka ga ba inda zan bi."

Washegari bayan la'asar ta tafi zauren Malam Uthman, ta durƙusa a bakin ƙofa, dattawa huɗu suna zaune. Ta ce ta samo asalin sunan, kuma ba gunki ba ne, ba giya ba ce, ba karya ba ce. Malam ya ce madalla, to mene ne. A nan ta ga ramin da ba ta hango ba: amsar ba ta faɗuwa a bakinta. Ta ce sunan uwar Annabi Isa ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Malam Uthman ya gane tun kafin ta rufe baki, ta ga gemunsa na rawa. Amma taubashi taubashi ne.

"Tsufa ya kama ni, Zinariya. Tuna mini sunan."

"Malam, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Sunan dai."

"Sunan mai ɗakin da ke kusa da rumbunmu."

"Akuyar Kabo?"

Dattawan nan suka yi dariya har ɗaya ya kwanta a kan buzu. Da Malam ya share hawaye ya ce suna dai ba abin da ya fi shi kyau, daga yau zai kira shi da bakinsa. Zancen kunyar suruka kuwa ba shari'ar zaurensa ba ce, ta cikin gida ce, can za a yanke ta.

Kafin magariba labari ya gama gari. Da safe matan gidajen da aka ba aron sunan suka cika tsakar gidan Kabo, wasu da goyo, fuska ba walwala. Wata ta ce surukarta ba ta amsa gaisuwarta ba yau. Wata ta ce ita da ta san haka ne da ta kira ɗiyarta Tukunya. Gwaggo ta san in aka watse a haka, akwatin kwano ya gama aiki. Ta je ƙofar ɗakin Inno ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta faɗi komai. Har ta kawo ɗan uzurin da ta taho da shi, cewa su ma mutanen Ailan lanƙwasa sunan suka yi don girmamawa. Inno ta ce Mairo ma lanƙwasawa ce, amma an raka faifai Ƙofa.

Tsohuwar ta sa aka fito da ita bakin ƙofa, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

"Uwata ta rasu, ƙawayena sun ƙare, mijina har ya koma ga Allah bai taɓa faɗinsa ba. Shekara talatin da biyar wagga yarinya tana kewaye shi kamar rijiya. Na ɗauka ba zan ƙara jin sunana cikin gidan nan ba sai ranar da ba ni da kunnen ji. Ashe yawo ya tafi har ƙasar Turawa, ya dawo cikin akwatin kwano. Ba wanda zai canza shi." Ta gyara zama. "Amma tunda nawa ne, zan riƙa amsawa."

Matan suka dubi juna. In Inno ta yafe wa Zinariya, wadda da ita ake misali, sauran surukai ba su da abin riƙewa. Wata ta fara dariya a cikin mayafi, sauran suka kama. Kwana tara bayan haka aka aiko kiran Gwaggo daga Ƙofa, gidan nan dai da aka tsallake ta.

Abin da ba wanda ya zata shi ne tsofaffin sauran gidajen su ma suka ɗauki salon Inno. Yau in ka bi ta wasu lunguna a Kusada ka ji an kira Morin, za ka ji murya biyu, ƙarama daga tsakar gida, tsohuwa daga cikin ɗaki. Surukai ne yanzu ke cewa a sa wa takwararsu sunan, matan 'ya'yansu na noƙewa. Da na ƙirga da Gwaggo mun sami goma sha tara. Sista ta koma ƙasarsu bara, ban sani ba ko ta ji adadin.

Ita Gwaggo tun ranar da ta dawo daga Kankiya ba ta ƙara faɗin sunan ba, da kowane yare. Jikarta ta koma "mai sunan Sista".

Muna cikin haka aka yi sallama a zaure. Wani mutum ne daga Fakuwa da jaki, ya ce matarsa tun safe take fama. Gwaggo ta rufe akwati, ta ɗaure shi da ƙyalle, ta miƙe tana neman takalminta. Sai ta hango jikar tata ta hau turmi tana leƙen gidan maƙwabta.

"Ke mai sunan Sista, sauko kar ki karye."

"Na'am," in ji Inno daga cikin ɗaki.

Gwaggo ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin, ta girgiza kai. Ta aza akwatin a ka, ta ce in na tashi in ja mata ƙyauren zaure saboda awaki, ta bi bayan mai jaki.